Dikodar Yaya Rahma

Ranar da aka kashe tsohon layin talabijin, akwatuna biyu ne suka mutu a gidan Malam Nagoda da ke Tudun Wada: faffaɗan nan na falonsa, da wani ɗan tsoho mai ƙatuwar ƙeya da ke ɗakin yayarsa Rahma, can ƙurya kusa da madafa. Dukansu babu abin da suke nunawa sai ɗigo-ɗigon fari da baƙi kamar an watsa tsaki a faranti. An daɗe ana sanarwa cewa za a koma dijital, wanda ba shi da dikoda ya nema, amma Nagoda irin mutanen nan ne da ba sa gaskata gwamnati sai abu ya faɗo musu a ka.

Yaya Rahma kurma ce. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama, kuma a gidan ƙanen nata take zaune tun rasuwar iyayensu. Ita ce wanki, ita ce daka, ita ce wanke-wanke. Ta yi makarantar kurame, ta iya maganar hannu tsaf, sai dai duk faɗin gidan nan babu wanda ya taɓa zama ya koya. Abin da suka iya bai wuce "zo", "tafi", "abinci" da "wanke wannan" ba.

Abu ɗaya take da shi a duniya. Kullum da yamma idan aka fara labaran Hausa, akwai wata 'yar taga a kusurwar ƙasa ta hannun dama, inda Malama Comfort take maida labaran da hannu. Comfort mutuniyar Wusasa ce, iyayenta kurame ne, da maganar hannu ta tashi, kuma ba ta fashin taron ƙungiyar kurame. Da ta bayyana, sai Rahma ta ajiye duk abin da take yi ta miƙe ƙafa a tabarma. Ba kallo kawai take yi ba, amsawa take. Ta yi dariya, ta riƙe baki, ta yi gardama da akwatin, hannuwa na tashi sama. Nagoda ya sha wucewa ya gan ta ya ce, "Yaya da mutuniyarta," ya yi gaba abinsa.

Rahma ce ta fara samun dikoda. Ƙungiyarsu ce ta raba wa mambobinta, ta dawo da kwalin rungume a ƙirji, ta lulluɓe shi da gefen hijabi don kada yayyafi ya taɓa. Ta tari Nagoda a soro, ta miƙa masa, ta nuna ɗakinta, ta haɗa yatsu biyu alamar ya jona mata. Baki har kunne don murna.

Aka yi rashin sa'a 'yan majalisarsa na falo. Malam Ɗantsoho, wanda ba a taɓa kawo maganar da bai sani ba, ya leƙo ya ga kwalin.

"A'a, Nagoda, ashe ka samu! Kawo mu gani mana. Ai kun san abin da ya sa aka yi haka? Iskar ce ta cika. Tsohon layin nan cin wuri gare shi, shi ne aka matse talabijin wuri guda, sararin da ya rage a ba kamfanonin waya."

"Ta Yaya ce," in ji Nagoda.

"To ai gida ɗaya ne. Gwadawa kawai za mu yi."

Nagoda ya ɗaga wa Rahma hannu alamar ta jira. Ya shiga ya jona. Wayar gajera ce, don haka ya ɗora dikodar a kan teburi, daidai gaban talabijin ta hannun dama. Hoto ya fito tar, majalisa ta ɗauki kabbara. Ɗantsoho ya ce wallahi kamar ka miƙa hannu ka taɓa mai karanta labaran. Rahma kuwa tana tsaye a soro har aka kira magariba.

Washegari ta tare shi da kwalin da babu komai ciki. Ya ce gobe. Da jibi ta tare shi, ya nuna mata agogo alamar yana sauri zuwa shagonsa na kayan gini. Da abin ya fara damunsa sai ya kai ƙara wurin matarsa Juwairiyya, ba don ta ba shi shawara ba, don ta taya shi.

"Ni fa ina ganin tsohon akwatin nan nata ba shi da ramin da za a soka wayar," ya ce. Bai taɓa juya akwatin ya duba ba.

"Ka ji ka da wata magana, Abban Bahijja. Ko da yana da shi, kai da baƙi za ku zauna kuna kallon bango, ita da ba ta ji tana can da dikoda? Ci da sha da sutura duk kai ne. Me aka yi aka yi dikoda?"

"Zan dai saya mata wata."

"Ka saya mana, wa ya hana ka?"

Bai saya ba. Kullum in ya bi ta gaban masu kayan lantarki sai ya tuna, kullum kuma sai ya sami dalili: yau kaya a hannu, gobe hadari ya taso.

Shi kuwa falon, dokarsa sananniya ce. Daga la'asar zuwa magariba na maza ne, mace ba ta shiga, ko ruwa aka kawo a bakin ƙofa ake ajiyewa. Lokacin labaran ke nan. Sai Rahma ta koma tsayuwa a tagar da ke kallon tsakar gida, tana leƙe ta inda labule bai haɗe ba. Wata safiya tana share falon ta ɗaga dikodar za ta ɗora ta gefe, waya ta zare. Da yamma aka kunna babu hoto, Nagoda ya yi ta fama gaban abokansa yana gumi. Ya fito tsakar gida ya zazzaga mata faɗan da ba ta ji, yana nuna ta da yatsa. Ita kuma tana ta yi masa bayani, tana zana kusurwa a iska, tana kaɗa hannuwa, tana rufe su da tafin ɗaya hannun. Bai tsaya ya gane ba. Ya sayo kwaɗo ya sa wa falon, shara ma ya ce Juwairiyya ta riƙa yi.

Daga nan Rahma ta fara canjawa. Da farko in lokacin labarai ya yi takan kunna tsohon akwatinta ta zauna gaban ɗigo-ɗigon nan, ko Allah zai sa hoto ya dawo. Juwairiyya ta ce wuta yake ci a banza, ta zare soket ɗin. Dariyar nan tata mai ƙara da yara ke kwaikwayo ta ɗauke. Hannuwan da ba sa zama wuri ɗaya suka koma kwance a cinya. Rannan ta zo wa Nagoda da tafin hannu a buɗe tana shafa shi da yatsa, irin wayar nan mai hoto take so, wadda 'yan ƙungiyarsu ke magana da juna a ciki.

"Ikon Allah," in ji Juwairiyya. "Me kurma za ta yi da waya?"

Nagoda ya yi dariyar yaƙe. Rahma fa ita ta goya shi. A bayanta ya yi wayo. Ya san haka sarai, kuma duk lokacin da ya tuna sai ya ji haushinta ya kama shi, kamar ita ce ta yi masa laifi.

Ana cikin haka 'yarsu Bahijja ta haihu, haihuwar fari, aka dawo da ita gida wanka. To ka san aikin jego. Ƙatuwar tukunya safe da yamma, hura itace, ganyen darbejiya, kunun kanwa, wankin tsummokara. Duk a kan Rahma aka jibga. Taron ƙungiya ya tsaya, ziyarar da takan kai Hanwa wurin aminiyarta Ishatu ita ma ta tsaya. Ishatun nan kurma ce, tare suka yi makaranta, gado ɗaya suka kwana. Tana da wushirya, don haka in Rahma za ta ambace ta sai ta ɗora yatsa a haƙoran gaba. Wannan alamar kam ko Nagoda ya san ta.

Ana saura kwana kaɗan suna, majalisa ta cika da yamma. Ɗantsoho na bayanin farashin siminti, labarai suka ƙare aka shiga sanarwa. Nagoda bai ma sa kunne ba sai da ya ji an ce Hanwa. Mai sanarwar ya ce ƙungiyar kurame na sanar da rasuwar ɗaya daga mambobinta, Malama Ishatu, an yi jana'iza da safe, ana zaman makoki a gidan mahaifinta.

Ya waiwaya taga.

Tana nan. Rabin fuskarta a tsagar labule, hayaƙin murhu ya sa idon ya yi ja, amma murmushi take yi don ta ga mutuniyarta. Ya juyo ya dubi talabijin, ya dubi kusurwar nan da bai taɓa kallo ba tunda yake. Ga kan Malama Comfort, ga kafaɗunta, fuskarta a jiƙe da damuwa. Hannuwan kuwa babu su. Dikodar ta tare su gaba ɗaya. Nan take ya gane kusurwar da Rahma ke zana masa a iska ranar da ya yi mata faɗa. Watanni ke nan tana tsaye a tagar nan tana kallon fuskar mai magana, maganar kuma na bayan akwati.

Taku biyu ne tsakaninsa da teburin. Comfort na maimaita sanarwar. Da ya tashi ya ja dikodar gefe da shi ke nan. Sai ya tuna in ta gani ihu za ta yi, gaban baƙi. Ya zauna. Ɗantsoho ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ya ci gaba da maganar siminti.

Bayan an watse ya sami Juwairiyya a madafa ya faɗa mata.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. Sai ta rage murya, ita da ta san babu mai jin ta. "Amma don Allah kada ka faɗa mata yanzu. In ta ji, Hanwa za ta tare sai an yi uku. Wa zai dafa ruwan wanka? Ga suna a gabanmu. Wadda ta rasu ta riga ta rasu, zuwanta ba zai dawo da ita ba."

"Ni ban ma san yadda zan faɗa mata ba," in ji shi.

Ƙarya yake yi. Yatsa a haƙori, sannan a kifar da tafin hannu. Yaron goye ma ya san yadda ake nuna mutuwa.

Aka yi suna, aka yanka rago, gida ya cika ya batse. Rahma ta wuni a bakin wuta har tafin hannunta ya tashi. Da aka ba ta nata rabon soyayyen nama da cincin, ba ta ci ba. Ta ƙulle a leda, ta sa a kwano mai murfi, ta rataye inda ɓera ba zai kai ba. Da safe ta tari Nagoda, ta nuna kwanon, ta ɗora yatsa a haƙori, ta nuna hanya. Izini take nema ta kai wa Ishatu.

Ya kasa kallon ta. Ya nuna ɗakin mai jego, ya juya hannu alamar sai an gama wanka. Ta gyaɗa kai ba musu. Bayan kwana biyu ya gan ta ta sake soya naman don kada ya lalace. A ranar ko abincin rana bai iya ci ba a shago, ya yi ta yi wa masu sayen ƙusa tsawa babu dalili. Kowace sallah sai ya ce yau zai faɗa, in ya shigo gida ya ga tukunya a kan wuta sai ya ce gobe.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Nagoda na gida, ya fita ya ga mace da jaka a kafaɗa da ɗankwalin atamfa. Bai taɓa ganin ta ido da ido ba, amma ya gane fuskar.

"Sannu da zuwa, Malama Comfort."

"Yauwa, Malam. Wurin Rahma na zo. Ko lafiya? Kowa ya zo gaisuwa ban da ita, har mahaifiyar marigayiyar na tambaya."

Kafin ya haɗa amsa Rahma ta hango ta daga tsakar gida. Ta yar da muciya ta taho da gudu, mace mai furfura, ta ƙanƙame ta. Hannuwan nan da suka yi watanni a kwance suka tashi, tana magana da sauri kamar mai jin ƙishi ya sami randa. Ta ruga ɗaki ta ɗauko kwanon, ta buɗe, ta ɗora yatsa a haƙori, tana roƙon Comfort ta kai mata in hanyarta ce.

Comfort ta dubi naman, ta ɗago ta dubi Nagoda.

"Ba ku faɗa mata ba?"

Juwairiyya daga bakin ƙofa ta ce, "Wallahi hidima ce ta yi mana yawa, Malama."

"Sau biyu na maimaita sanarwar nan," in ji Comfort. "Har sunanta na yi da hannu, don na san ba ta fashin kallo. Ina dikodar da muka ba ta?"

Comfort ta karɓi kwanon ta ajiye a ƙasa, ta kama hannuwan Rahma biyu ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta saki. Ta ɗora yatsa a haƙori. Ta kifar da tafin hannu.

Ƙarar da ta fito daga ƙirjin Rahma, Nagoda bai taɓa jin irinta ba. Ba ta san ƙarfin muryarta ba, ba ta da yadda za ta sassauta. Jaririn ya farka, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ta durƙushe, ta tambayi yaushe. Comfort ta nuna mata. Ta yi lissafi a ranta, sai ta miƙe ta ja Comfort zuwa tagar falo, ta sa ta leƙa. Daga nan ta juyo ta fuskanci ƙanenta, ta yi magana da hannu a hankali.

"Malam Nagoda," in ji Comfort, "zan faɗa maka yadda ta faɗa. Ta ce ranar tana tsaye a nan. Ta ga fuskata ba daɗi, ba ta ga hannuna ba. Ta ce ta ga ka juyo ka kalle ta. Tana tambaya, ka ji?"

Ga hanyar tsira a buɗe. Ya ce hayaniya ta yi yawa, ya ce bai gane wace Ishatu ba ce. Juwairiyya ma ido take yi masa. Ya buɗe baki, ya dubi tafin hannun Rahma da ƙunar suna ba ta gama warkewa ba.

"Na ji," ya ce, ya gyaɗa kai.

Comfort ba ta fassara ba, don babu bukata. Rahma ta daɗe tana kallon sa. Ta shiga ɗaki ta sako hijabi, ta ɗauki kwanon naman, ta bi Comfort suka fita. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ruwan wanka na tafasa a kan wuta, Juwairiyya ta rasa bakin cewa wa zai sauke.

Nagoda ya bi su har bakin titi inda suke tsayar da keke.

"Malama, don Allah, yaya ake cewa a yafe mini?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Shekara nawa kuna gida ɗaya?" Ba ta jira amsa ba, ta nuna masa sau ɗaya, ta shiga keken.

Ya dawo ya buɗe kwaɗon falo, ya zare dikodar, ya kai ɗakin ƙurya. Rabon da ya shiga ɗakin nan har ya manta. Ya juya tsohon akwatin. Ga ramukan nan a jere, ja da fari da rawaya, ƙura ce kawai ta rufe su. Kafin ruwan alwala ya bushe a hannun mutum ya gama jonawa, hoto ya fito tar. Abin da ya gagare shi watanni ke nan.

Da la'asar Ɗantsoho ya zo ya tarar da falo babu hoto. "Ina dikodar taka?"

"Ba tawa ba ce. Tun farko ma ba tawa ba ce."

Sai bayan kwana uku Rahma ta dawo, ita kaɗai. Ta ga akwatin a jone, ta ɗauki tsohon zane ta lulluɓe shi. Nagoda ya zo bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa kamar yadda ƙane ke yi wa yayarsa, abin da ya daɗe da dainawa. Ya yi alamar nan da Comfort ta nuna masa, wadda ya kwana uku yana gwadawa a shago in babu kowa. Bai ma tabbata ya yi daidai ba.

Ta gane. Ta zauna a bakin gado ta fara ba shi amsa. Doguwar amsa ce. Ta nuna bayanta, ta nuna shi, ta taɓa haƙori, ta nuna taga, ta dafa ƙirji, ta nuna sama. Wani wurin hannun ya yi sauri, wani wurin ya yi sanyi, hawaye na zuba ba ta share ba. Magana ce ta shekara da shekaru, kuma da shi take yi, ba da akwati ba. Babu labule, babu abin da ya tare hannuwan, ga su nan a gabansa cikin hasken rana.

Da ta gama ta ajiye hannuwanta a cinya tana jiran abin da zai ce.

Ko ta yafe, ko ta bar shi da Allah, Nagoda bai sani ba. A duk abin da ta faɗa babu "zo", babu "tafi", babu "wanke wannan". Yana nan durƙushe yana kallon hannun da ya goya shi, ban da sunan Ishatu bai gane ko kalma ɗaya ba.